Hayaƙin Mota Da Kuɗin Cefane

'Yan uwana mata na Anka, Gummi da Bukkuyum,

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk litar da ƙaramar motar maigida ta ɓarnatar, daga kuɗin cefane ta fito. To, ku riƙa lura da hayaƙinta. In baƙi ne, fetur ne ke fita bai gama ƙonewa ba, a kai wa makanike ya duba fulogi da filtar iska. In shuɗi-shuɗi ne, baƙin mai injin ke ci. Taya maras isasshiyar iska da lodi fiye da kima su ma suna ƙara shan mai.

Sai batun lafiya. Ba mu manta gubar dalma ta 2010 ba, wadda ta ci yara ɗaruruwa a ƙauyukanmu, ido bai gan ta ba. Hayaƙin fetur ma yana ɗauke da iska mai guba, ba launi ba wari. Tana kawo ciwon kai, jiri da amai, a rufaffen wuri har kisa take yi. Kada a bar mota ko janareta na aiki a gareji ko zaure, a kuma janye yara daga bakin salansa.

Uwargida, ki faɗa wa maigida cikin lalama, bayan ya ci ya huta. Rigakafi ya fi magani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.