Sabuwar Haihuwa: Ina Shaidarta?



An ce in yi magana a kan sabuwar haihuwa da tafiya cikin Ruhu, kuma ba inda zan fara sai wurin Nikodimu, a sura ta 3 ta Bisharar Yohanna. Ku lura da irin mutumin da Yesu ya faɗa wa wannan magana. Bafarisiye ne, ɗan majalisar Yahudawa, malamin da jama'a ke kai wa tambaya. Da ilimi da asali da kiyaye doka suna shigar da mutum Mulkin Allah, da shi tuni ya shige. Amma shi ɗin aka gaya wa sai an sake haifarsa ta wurin Ruhu.

Maganar ta shafe mu fiye da yadda muke zato. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a 1893, daga nan ƙungiyar mishan ta SIM ta samo asali. Karl Kumm da abokansa na ƙungiyar mishan ta SUM sun isa Wase a 1904, aka fara aiki a Garkida a 1923, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932. Ke nan da yawa cikinmu jikoki ne ko tattaɓa-kunnen waɗanda suka fara tuba. Su sun sha wuya a kan bangaskiyarsu, wasu har danginsu suka yi musu baya. Mu kuwa mun buɗe ido mun tarar da ita a tsakar gida: ga suna Bulus ko Rifkatu, ga katin baftisma, ga wurin zama a ƙungiyar mawaƙa. Duk wannan alheri ne, ban raina shi ba. Sai dai ana gadon gona, ba a gadon sabuwar zuciya. Iyayenmu sun gane haka, shi ya sa tun a shekarun 1960 aikin Sabon Rai Don Kowa ya riƙa farawa da tattara masu bi a kan addu'a kafin a fita wa'azi ƙauyuka.

Allah ne yake yin aikin sabuwar haihuwa. A Ezekiyel sura ta 36 shi ya yi alkawarin cire zuciya mai taurin dutse, ya sa sabuwa, ya kuma sa Ruhunsa a ciki. Hanyar da yake bi da kowa kuwa daban ce. Bulus a kan hanyar Dimashƙu aka kayar da shi ƙasa. John Wesley ya riga ya zama limamin Ikkilisiyar Ingila, har ya je Amurka aikin mishan ya dawo, kafin ya sami tabbacin ceto a wani ɗan taro a Landan ranar 24 ga Mayu, 1738. Timoti kuma a gaban kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya tashi, ba a ba mu labarin wata rana guda da ya juyo ba. Don haka ina roƙon masu wa'azi su daina tsorata mutane da cewa duk wanda bai iya faɗin rana da sa'ar tubansa ba, ba shi da ceto. Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce: akwai rai yanzu?

Duk mai lambu ya san mangwaro mai aure. An yanka ɗan itace na gargajiya, an ɗaura masa reshen iri mai kyau, ya kama. Daga ranar itacen ya zama wani abu dabam, amma tsohon gindin yana nan, kuma yakan yi toho daga ƙasan ɗaurin. In mai lambu ya ƙyale tohon, shi zai shanye ƙarfin itacen. Haka sabon mutum yake zaune da tsohon hali. Tafiya cikin Ruhu ita ce yanke wannan toho kullum, da ƙarfin da ba namu ba, har 'ya'yan kirki su bayyana.

A nan nake da damuwa da zamaninmu. Mun koma auna Ruhu da ƙarar murya, da yawan faɗuwa ƙasa a kwanan addu'a, da girman motar fasto. Ban musanta baye-bayen Ruhu ba, suna nan cikin Littafi. Amma ikkilisiyar Koranti ta cika da baye-baye, duk da haka Bulus ya tsawata mata a kan tsattsaguwa da kai juna ƙara da wulakanta matalauta a wurin Jibin Ubangiji. Da ya zo bayyana amfanin Ruhu a Galatiyawa sura ta 5, abubuwan da ya lissafa duk na hali ne, irin su haƙuri da aminci da kamun kai, ƙauna kuwa ita ya sa a gaba. Waɗannan a kasuwa ake ganinsu, wurin mudu da sikeli. Ana ganinsu a ofis lokacin da takardar wani ta zo teburinka kuma ba ɗan ƙabilarku ba ne. Ana ganinsu a yadda maigida ke yi wa matarsa magana bayan an tashi daga sujada.

A farkawar da ta tashi a Gahini ta ƙasar Ruwanda a shekarun 1930, ta bazu Uganda da Kenya, abin da ya girgiza mutane shi ne ganin masu tuba suna mayar da kayan da suka sata, suna neman gafarar waɗanda suka cuta a gaban jama'a. Abin da Zakka ya yi ke nan a Yariko. Mu ma muna da shaida a gida. A Afrilun 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, mafi yawansu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) ne. A watan Oktoba na wannan shekara Boko Haram ta mamaye hedikwatar EYN a Kwarhi, shugabanni suka koma Jos, dubban membobi suka zama 'yan gudun hijira. Ikkilisiyar ba ta yi kiran ramuwa ba. Ta ci gaba da koyar da salama, ta ci gaba da aikin sulhu tare da Musulmi maƙwabtanta waɗanda su ma ta'addancin bai bar su ba. Jiki da jini ba ya koya wa mutum haka. A ganina, in ana neman aikin Ruhu Mai Tsarki a ƙasar nan a zamaninmu, nan ya kamata a fara dubawa.

Saura magana ɗaya, musamman gare ku ɗalibai. Za ku sha jin “Ruhu ya ce mini”, wata rana ma daga bakinku za ta fito. Yohanna a wasiƙarsa ta fari ya umarce mu mu gwada ruhohi. Ruhun da ya hure Littafi ba zai sa ka yi abin da Littafi ya hana ba, ba kuma zai raba ka da shawarar 'yan'uwa ba. A Antakiya, ikkilisiya tana cikin sujada da azumi aka keɓe Barnaba da Shawulu, sannan ikkilisiyar ce ta ɗora musu hannu ta sallame su. Saboda haka in saurayi ya zo wa yarinya da cewa an nuna masa ita ce matarsa, tana da ikon ta ce a ba ta lokaci ta yi addu'a, ta kai maganar gaban iyayenta da dattawa. In wani ya ce an nuna masa surukarki ce ke riƙe da arzikinki, ki tambaye shi a wace sura aka koyar da raba dangi da zargin maita, ki kuma sanar da fastonki kafin ki furta wa tsohuwar kalma ɗaya.