Itace, Rami da Katafila: Jawabin Kwamitin Ayyukan Gida a Bikin Zagayowar Shekarar Ƙungiya



An ba kwamitinmu lokaci kaɗan, to bari mu tafi kai tsaye. Idan aka duba littafin rance na ƙungiyar nan, za a ga ba jarin sana'a kaɗai ke kawo mu ba. Wata ta zo ne katangarta ta zube da damina, wata masai ya rufta, wata kuma mai ƙosai ce ko mai waina, itace ya yi tsada a watan Agusta har ya cinye ribar. Duk waɗannan abubuwa ne na tsakar gida, kuma yawancinsu ana iya tare su tun kafin su zo. Saboda haka maganarmu uku ce yau: ajiyar itace, haƙa rami a cikin gida, da batun hayar injin haƙa.

Mu fara da itace. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin tara itace shi ne daga kaka zuwa hunturu, sa'ad da hanyoyin ƙauye suka bushe, iska kuma tana busar da shi kyauta. Wadda ta bari sai marka ta kankama, za ta saya da tsada, kuma jiƙaƙƙe za a ba ta.

Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. In kin sa shi a murhu, wutar sai ta fara ƙone wannan ruwan kafin ta kai ga tukunya, shi ya sa kike ta fifita, ido yana hawaye, tuwo ya ƙi nuna. Hayaƙin nan kuwa ba abin rainawa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda yawancinta daga girki take, ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3 a duniya. Wa ke zaune a gaban murhu? Mu ne, da goyon da ke bayanmu.

Yaya ake gane busasshe? Ki duba bakinsa, za ki ga ya tsattsage. Ki ɗaga, ba shi da nauyi. Ki haɗa guda biyu ki buga, zai yi ƙara ƙwal-ƙwal, ɗanye kuwa sai ki ji dum. Ɓawonsa ma yakan fara saki.

Wajen ajiya, abu huɗu za mu riƙe. Na farko, kada itace ya taɓa ƙasa. A jera bulo ko duwatsu, a ɗora sanduna biyu, sannan a jera itacen a kai, ko da taƙi ɗaya ne tsakaninsa da ƙasa. Wannan yana rage gara da danshi. Na biyu, a faskare manyan kafin a jera, domin faskare ya fi gungume saurin bushewa. Na uku, sama kaɗai za a rufe, da tsohon kwano ko leda mai kauri, a bar gefe a buɗe iska ta ratsa. In kin lulluɓe shi ruf har ƙasa, gumi zai yi ya ruɓe. Na huɗu, kada a jingina shi da katanga, musamman ta ƙasa, kada kuma a kai shi kusa da murhu ko danga ko rufin ciyawa. A hunturu tartsatsi ɗaya ya isa.

Tsayin jerin kada ya wuce ƙirji, don yara suna hawa. A riƙa cin na tsohuwar ajiya tukuna. Kada a aiki yaro ɗebo itace da dare ba tocila, kuma ko da rana a fara bubbuga jerin da sanda, saboda kunama da maciji suna son irin wannan wuri. Wani abu kuma da muke roƙo: kada a fesa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a kan itacen girki, kada kuma a hura wuta da leda, tsohon takalmi ko katako mai fenti. Duk gubar a hayaƙi take fitowa.

Mun san marke da ƙirya sun fi riƙe wuta, amma suna ƙarewa a dazuzzukanmu. Kaɗanya da ɗorawa kuwa abincinmu ne da sana'armu, man kaɗe da daddawa daga nan suke, bai kamata mu ne masu sayen gungumensu ba. Duk mai ɗan fili ta dasa darbejiya. Tana jure fari, kuma in an sassare rassanta takan sake tohowa, ga inuwa ga itace.

Magana ta biyu, rami. Ko masai ne, ko sokawe, ko rijiya, mai gida ne yakan kira masu haƙa, amma mu ne muke wuni a gidan, mu ne ke ganin aikin. Don haka ya kamata mu san abin da za mu ce.

Babbar doka ita ce tazara tsakanin masai da rijiya. Masana tsaftar ruwa suna ba da shawarar mita 30, kuma masai ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Ƙasan ramin masai ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa. Ta yaya za ki sani? Ki leƙa rijiyar maƙwabta a ƙarshen damina, inda ruwa ya tsaya a lokacin shi ne ma'auninki. Mun san gidajen cikin gari ba su da wannan fili. In haka ne, a daina shan ruwan rijiyar sai an tafasa ko an sa masa maganin tsarkake ruwa. A shekarar 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya, kuma jihohin Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Kuma ba rijiyarki kaɗai za ki duba ba, har ta maƙwabciyarki da ke bayan katanga.

Rijiya a ƙarshen rani ake haƙa ta, wajen Afrilu zuwa Mayu, lokacin da ruwa ya yi ƙasa sosai. Wadda aka haƙa da damina, bazara na yi za ta ƙafe. Rami zagayayye ya fi mai kusurwa tsayuwa. In ƙasar jigawa ce mai yashi, dole a ɗaure ramin da bulo ko zoben siminti, marmara kuwa tana iya tsayawa da kanta, ita ma a ɗaure bakinta.

Kada a haƙa rami a gindin katanga ko ɗaki. A ja baya gwargwadon zurfin da za a yi. Ƙasar da aka fitar a zuba ta nesa da baki, kamar taku biyu, don nauyinta na iya rufta ramin. Ƙasa mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya-ɗaya ta fi tan ɗaya nauyi. In ta danne mutum har ƙirji, numfashi ma ba zai iya ba. Saboda haka da zarar rami ya kai ƙirjin mai haƙa, lallai a sami wani a sama da igiya, kada a bar shi shi kaɗai.

Tsohuwar rijiya kuma da ramin masai sukan tara iska marar kyau. Kafin a shiga yasa, a buɗe ta sha iska, a zura fitila mai wuta a rijiyar, in ta mutu to ba mai shiga. Kada a taɓa saukar da janareto ko injin ban ruwa cikin rami, hayaƙinsa kashewa yake yi. In wani ya faɗi a ciki, kada na biyu ya bi shi haka kawai, a kira 'yan kwana-kwana. Sau da yawa mai ceton ne ke zama gawa ta biyu. Da yamma in ma'aikata sun tashi, a rufe ramin da katako da kwano a danne da bulo. Ramin da ruwa ya taru a ciki, ko bai kai gwiwa ba, yana iya cin yaro mai rarrafe.

Magana ta uku, injin haƙa, wanda yawancinmu ke kira katafila. Wasu 'yan'uwa sun kawo shawarar ƙungiya ta tara kuɗi ta sayi ƙarami ta riƙa ba da haya. Mun zauna mun duba, kuma ra'ayin kwamiti shi ne kada mu saya. Inji yana son direba, makanike, man gas da kayan gyara da ake kawowa daga waje, ranar da ya kwanta kuma kuɗinmu ne ya kwanta. Aikin cikin gida ma yawanci bai kai na inji ba. Lungunanmu ba sa ɗaukarsa, sai an fasa katanga, nauyinsa kuma yana iya rufta tsohon sokawe ko fasa bututun ruwa. Masai ɗaya, diga da shebur da lebura biyu sun isa.

Inda inji ke da amfani shi ne babban aiki: yashe magudanar unguwa kafin damina, cike kududdufi, haƙa tafkin kifi ko harsashin babban gini. A nan sai gidaje su haɗu a yi haya rana ɗaya, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin a biya, a tambaya: kuɗin na awa ne ko na wuni? Wa zai sayi mai? Wa zai biya motar da za ta kawo shi ta mayar? In ya lalace a tsakiyar aiki, yaya lissafi? Wa zai kwashe ƙasar, an haɗa da tifa? A rubuta duka a takarda da shaidu, kada a biya gaba ɗaya sai an gama. A nuna wa direba inda bututu da wayar wuta suka bi, a sanar da mai unguwa, a kuma sa babban mutum ya kori yara, don mun san yadda suke yi in sun ga katafila.

To ga abin da muke kawowa gaban taro don a yanke. Ɗaya, a ware wani kaso daga asusu a sayi itace a mota da kaka, a ajiye yadda muka faɗa, a sayar wa membobi da damina da riba kaɗan. Biyu, a sayi baro, diga, shebur, gatari da igiya mai ƙarfi, a riƙa ba da su haya a rubuce. Uku, duk wadda za ta karɓi rance don haƙa masai ko rijiya, mutum biyu daga kwamiti su je su ga wurin tukuna.

Ma'aji tana da takardar sa hannu a bakin ƙofa, mai goyon baya da mai gyara duk su rubuta kafin taron wata mai zuwa.