Kwamfuta Da Ƙasar Kurmi: Jawabi Ga 'Yan'uwa 'Yan Goro

 

An ce in yi magana a kan taswirar ƙasa da ake yi da kwamfuta. Ni ba ɗan boko ba ne, ɗan goro ne, amma abin ya shafi aljihunmu, tunda yanzu da yawanmu na ba manoma kuɗi kafin kaka, wasu ma suna karɓar jinginar gona a cikin kurmi.

Da can, in ana son sanin ƙasa sai an haƙa rami. Haka wasu Turawa biyu, Smyth da Montgomery, suka yi wa wannan yanki na Yamma, littafinsu ya fito a 1962, suka raɗa wa ire-iren ƙasa sunayen garuruwa kamar Iwo da Ondo da Egbeda. Aiki ne na shekaru, da ƙafa da gumi.

Yau kuwa ga yadda ake yi. Ana tara sakamakon ƙasar da aka riga aka ɗebo aka auna: tsaminta, yumɓu da yashin da ke cikinta, da ƙarfin takinta. Sai a haɗa wa kwamfuta da hotunan tauraron ɗan'adam, da lissafin ruwan sama, da tudu da kwarin wurin. Ta dinga kwatantawa har ta gane cewa wuri mai kama kaza, galibi ƙasarsa kaza ce. Daga nan sai ta yi kirdadon inda ba a taɓa haƙawa ba. Kamar yaron da ka zaunar a gaban huhu ne, in ya juya goro dubu-dubu, wata rana da ido kawai zai ce maka wannan daushe ne. Cibiyar ISRIC ta ƙasar Holan ta yi wa duniya irin wannan taswira, kowane gida mita 250. A 2020 aka fitar da iSDAsoil ta Afirka kaɗai, da samfur sama da 100,000, kowane gida mita 30, wato filin ƙwallo ɗaya ya kasu kusan gida 8. Kyauta ce a intanet, ɗana ya buɗe mini a waya.

To amma jama'a, a nan nake so a saurara. A arewa, da rani, tauraron nan yana ganin ƙasa tsirara. A kurmi fa? Ganye yake gani, in ma hadari ya bar shi ya gani. Daga lafiyar ganye yake cankar abin da ke ƙasa. Kuma samfurin da aka ɗebo daga cikin kurmi bai taka kara ya karya ba, an fi ɗiba a gonaki da bakin hanya. Yaron da marsa kawai ya saba juyawa, ka miƙa masa wani iri, ai zai faɗi wani abu, amma kada ka biya kuɗi a kan maganarsa. Masu taswirar ma ba su ɓoye ba, suna nuna inda kirdadonsu yake da rauni. Sannan iyakar zurfinta santimita 50, saiwar goro kuwa ta wuce nan nesa.

Ni na gani a jikina. Na taɓa zuba kuɗi a wata gona, sama baƙar ƙasa lukwi, ashe marmara ce kwance a ƙarƙashi. Dashe ya kama, shekara ta huɗu ya fara bushewa daga kai. Itacen da sai ya yi shekara 5 zuwa 7 kafin ya ba ka ƙwarya ɗaya! Wallahi har yau ba na son bin hanyar nan.

Saboda haka a duba taswira don a san wajen da za a nufa, da wajen da ba a ma ɓata kuɗin mota. In an je, a haƙa rami ya kai ƙugu, wuri uku ko huɗu, a tambayi tsofaffin garin me aka taɓa shukawa. Cibiyar binciken koko ta Idi-Ayunre kusa da Ibadan, wadda aka kafa a 1964, goro ma yana cikin aikinta, ga kuma IITA a nan Ibadan ɗin. Ina roƙon shugabanni a zaɓi yaranmu biyu masu karatu, ƙungiya ta biya musu kuɗin mota su je su koyo mana yadda ake ɗiban samfur.

Allah ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.