Gyaran Rundunar Sojan Nijeriya: Sayen Makami da Ɗaukar Kurtu



Mai girma Shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai na da da na yanzu, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Kwamitin shirya wannan taro ya ɗora mini nauyin in ce wani abu game da sabunta rundunar sojan ƙasarmu. Ni dai ba soja ba ne, akwai hafsoshi a zaune a nan waɗanda suka fi ni sanin bakin bindiga. Ni ma'aikacin gwamnati ne, abin da na sani shi ne fayil da kasafin kuɗi da takardar kwangila, saboda haka ta wannan ƙofar zan shigo wa maganar.

Duk lokacin da aka ce za a gyara soja, abin da ke fara zuwa zukatan jama'a shi ne a sayo jirage da tankoki. To, Nijeriya ta daɗe tana saye. A 1982 rundunar ruwa ta karɓi katafaren jirgin yaƙin nan Aradu daga Jamus. A 1984 kuma aka fara kawo jiragen sama samfurin Jaguar daga Ingila, guda 18 aka yi oda. Jirage ne na gani na faɗa a zamaninsu, amma kafin su cika shekara goma an jingine su, kuma ba abokan gaba ne suka harbo su ba. Rashin kayan gyara ne da tsadar kula da su. Shi ma Aradu ya shafe shekaru masu yawa a ɗaure a bakin ruwa yana jiran gyara.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa zama a kan teburin kasafi. Kuɗin sayen jirgi sau ɗaya ake fitar da shi, a yi biki, a ɗauki hoto. Kuɗin riƙe shi kuwa kowace shekara ne, da kuɗin waje ake biya, kuma ba wanda ake tafa wa don ya sayo taya ko ya tura makaniki kwas. Idan aljihun gwamnati ya yi ƙasa, kamar yadda ya faru bayan faɗuwar farashin mai a shekarun 1980, wannan layin ake fara yankewa. Wanda ya sayi doki bai tanadi harawa ba, ai ya san ƙarshen zancen.

An ɗan koyi darasi, gaskiya. Jiragen Super Tucano 12 da aka sayo ta hannun gwamnatin Amurka a kan kusan dala miliyan 500, waɗanda suka iso a 2021, an haɗa cinikinsu da horar da matuƙa da makanikai, da kayan gyara, da gyaran sansanin Kainji inda aka ajiye su. Mutane sun yi ta ƙorafin tsada, amma ni a ganina gara a faɗa maka kuɗin gaskiya tun farko. Abin da ya rage mini a rai shi ne yawan ƙasashen da muke saye a wurinsu. A 2021 ɗin nan muka karɓi JF-17 guda 3 daga Pakistan, ga na Rasha, ga na Sin, ga na Turkiyya da Italiya. Akwai hikima a ciki, don kada wata ƙasa ta riƙe mana wuya ranar da muka saɓa da ita. Amma kowane samfuri yana buƙatar nasa makanikan, nasa sito, nasa harsashin.

Sai batun yadda ake ba da kwangilar. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta wajabta mana a ma'aikatu mu tallata aiki, 'yan kwangila su yi takara, a buɗe takardunsu a bainar jama'a. Amma dokar, yadda aka fara yin ta a 2007, ta ware kayan tsaro na musamman, ba ta hau kansu sai Shugaban Ƙasa ya amince. Ba wanda zai ce a buga sirrin soja a jarida. Sai dai inda ba ido, nan ɓera ke gina rami. A 2014 an gurfanar da sojoji da dama a kotun soja bisa laifin bore da ƙin zuwa fagen fama a Arewa maso Gabas, su kuwa suna kukan ba a ba su isassun makamai ba. Shekara ɗaya bayan haka aka kafa kwamitin binciken sayen makamai, inda aka ji zargin karkatar da kimanin dala biliyan 2.1. Ina ganin ana iya riƙe sirri kuma a yi lissafi. A bar wa soja sanin irin makamin, amma Babban Mai Binciken Kuɗi da kwamitin majalisa su ga rasit, su kuma je sito su ƙirga abin da aka ce an kawo. Kamfanin ƙera makamai na Kaduna, wato DICON, tun 1964 aka kafa shi, an kuma yi masa sabuwar doka a 2023. Idan ya wadata mu da harsashi da ƙananan bindigogi kawai, ya rage mana babban nauyi.

Yanzu bari in juyo kan mutum, wanda shi ya fi shafar wannan zaure. Malaminmu na Tarihi ya koya mana cewa kafin yaƙin basasa sojan Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba, amma da aka gama yaƙin a 1970 sun kai wajen 250,000. Cikin gaggawa aka ɗebe su, da yawa horon 'yan makonni suka samu, kuma gwamnatocin da suka biyo baya sun sha wuya wajen rage su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Makamin yau kuma ya fi na wancan lokaci neman ilimi nesa ba kusa ba. A watan Disamba na 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam kan masu Maulidi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, mutum sama da 80 suka rasu, rundunar kuma ta amsa cewa kuskure ne. Allah Ya jiƙansu. Na'urar ta yi abin da aka umarce ta, mutane ne suka duba hoton suka yanke hukunci.

Tsarin mulki na 1999 ya ce dole rundunar soja ta ƙunshi kowane sashe na ƙasa, shi ya sa kowace jiha take da gurbinta. An kuma mai da neman shiga ta intanet, kyauta ne, ba a sayar da fom. Ana neman takardar kammala sakandare mai sakamako mai kyau har da Turanci, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, sannan a gwada lafiya da ƙarfin jiki kafin a wuce makarantar horar da kurata ta Zariya, wadda take nan tun 1924. Wannan ya rage 'yan damfara, amma bai kashe katin manya ba. Kuma a nan zan faɗi abin da ba zai yi wa wasunmu daɗi ba: mu da muke riƙe da ofisoshi mu ne ake kawo wa sunaye. Yaron da ya gagari iyayensa, ko ya faɗa shaye-shaye, sai a ce a kai shi soja ya shiryu. Bariki ba gidan horon kangararru ba ne. Wanda ka cusa yau da alfarma, gobe shi za a ba bindiga a tsayar a shingen hanyar garinku.

Saboda haka ina da roƙo ga wannan ƙungiya. 'Yan ajin ƙarshe na makarantarmu da yawa ba su san ranar da ake buɗe neman shiga soja ko Kwalejin Horar da Hafsoshi ta Kaduna ba, wasu kuma saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin takardunsu ke kayar da su tun a tantancewa. Ina ba da shawarar mu kafa ƙaramin kwamiti na mutum uku ko huɗu, da hafsa ɗaya a ciki, su riƙa zuwa makaranta kowane zango na biyu, su duba takardun yara, su bayyana musu sharuɗɗan, maza da mata. Kuɗin intanet da na mota ba zai gagari asusunmu ba. Mai girma Shugaba, in an amince, ina neman a sa wannan cikin ajandar zaman yamma, kuma a rubuta sunana a kwamitin.