JAN MOTA OTOMATIK IN TA LALACE BISA HANYA
Jawabin da aka yi wurin taron ƙungiya



Maganar da aka ɗora mana yau ita ce ta jan mota. Mun saba da Peugeot 404 da 504: in sun mutu bisa hanya, a ɗaura igiya a jawo su har gida. To amma da yawa cikin motocin da ƴan uwa ke sayowa yanzu otomatik ne, wato masu canza giya da kansu. Gane su ba wuya: abin takawa biyu gare su maimakon uku, kuma jikin sandar giya an rubuta P, R, N, D. In aka ja irin wannan mota kamar yadda ake jan 504, ana iya kashe mata buwat, wato akwatin giya. Mutum ya yi shekaru yana tara kuɗi a baƙon wuri, a wuni ɗaya igiya ta cinye masa rabinsu. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Mine ne dalili? Cikin buwat akwai mai, galibi ja ne, shi ke jiƙa ƙarafa, shi ke sanyaya su. Akwai famfo mai tura wannan mai ko'ina, kuma inji ne ke juya famfon. In inji ya tsaya, famfo ya tsaya. Man yana nan kwance ƙasa kamar ruwa cikin rijiya, amma babu guga. To in ana jan mota ƙafafunta na birgima, ƙafafun na juya ƙarafan cikin buwat a bushe, su yi zafi, su ci juna. Ko an sa giya a N haka abin yake. Ga kuma zafin watan Afirilu da na Mayu, lokacin da awon zafi ke wuce 40.

Saboda haka doka guda ce za mu riƙe: ƙafafun da inji ke turawa, kada su yi doguwar tafiya bisa ƙasa alhali inji yana kashe.

Na ɗaya, abin da ya fi shi ne a ɗora motar gaba ɗaya bisa babbar mota mai shimfiɗa, a ɗaure ta. Mota kat-kat wadda ƙafafunta huɗu ke ja kullum, wannan ita ce hanyarta.

Na biyu, in ƙafafun gaba ne ke ja, kamar Toyota Corolla ta yanzu, sai a ɗaga gaba, a saki birkin hannu, ƙafafun baya su bi ƙasa.

Na uku, in ƙafafun baya ne ke ja, sai makanike ya kwance dogon ƙarfen nan na ƙarƙashin mota mai kai gudu ga ƙafafun baya. A kwance shi ta wajen baya, a yi shaida inda ya fito, a ɗaure shi sama da waya. In aka zare shi ta wajen buwat, a wasu motoci mai zai zube.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan fa? A duba ɗan littafin da ke zuwa tare da mota; in da faransanci ne ko ingilishi, a kawo mana lakwal mu karanta. Kamfanoni da yawa na Turai sun yarda a ja mota a N, amma kada gudu ya wuce kilomita 50 a awa, kada nisa ya wuce kilomita 50. Wasu kuwa sun hana sam. Mu auna da ƙasarmu: daga Madarunfa zuwa Maraɗi bai kai 50 ba, amma daga Tasawa zuwa Maraɗi ya fi 100, daga Maraɗi zuwa Damagaram ya fi 200. Wanda motarsa ta mutu a Tasawa, kada ya ce zai kai ta Maraɗi da igiya.

In ɗan gajeren ja ne, ga abin kiyayewa. Kada a ja mota tana P, don akwai ɗan haƙorin ƙarfe da ke kulle buwat, zai karye. In batir ya mutu sandar ta ƙi fita daga P, motoci da yawa suna da ɗan maɓalli kusa da ita, wani lokaci ƙarƙashin ƙaramin murfi. A danna shi, sandar za ta saki. A murɗa makulli don kada sitiyari ya kulle. Mai zama cikin motar ya sani birki da sitiyari za su yi tauri, tun da inji ne ke taimaka masu. Don haka sandar ƙarfe ta fi igiya. A ɗaura a zoben da aka yi domin ja, wanda sau da yawa yana cikin kayan aiki kusa da tayar ajiya. Kada a ɗauki yara ko kaya cikin motar da ake ja, kuma a guji dare. Sannan mota otomatik ba ta tashi da turi, kada samari su wahala a banza.

Iyayenmu, mun san ba a barin ɗan uwa bisa hanya, kuma bai kamata a bar shi ba. Amma taimako a nan shi ne a tura motar gefen hanya, a sa rassan itace gaba da baya don masu wucewa, a samu mai kwana wurinta, a kira makanike. Sauri ya haifi nawa. Muna ba da shawara ƙungiya ta nemi lambar masu motar ɗaukar mota a Maraɗi da Tasawa, magatakarda ya ajiye, kowa ya san inda zai tambaya.

Allah ya kiyaye mu da dukiyarmu bisa hanya.