ƘYASTU DA ƘANƘARA: ILMIN KUNNA WUTA DA MUKE NEMAN MANTAWA

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya a Jimeta. Mun buga shi kamar yadda aka faɗa.



Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyaye mata, 'yan'uwa 'yan kasuwa, da 'ya'yanmu matasa, muna yi wa kowa barka da zuwa. Waɗanda suka taso daga cikin garin Yola, da na Jambutu, Doubeli, Luggere, Limawa da Nassarawo, Allah Ya ba da ladan zumunci.

Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kai yau shi ne yadda ake kunna wuta ba tare da ashana ba, musamman yadda ake sarrafa laimar kwaɗin nan mai tauri da ke fitowa a jikin itace ta zama makamashi. Mun hango wasu matasa suna murmushi, wato suna cewa a ransu, ana zamanin gas da laita wa zai koma ƙyastu? To, ku ɗan ba mu aron kunnuwanku.

Jama'a, mu da ke zaune a bakin Binuwai mun san abin da ruwa ke yi. A shekarar 2012 da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, da kuma 2022, unguwannin bakin kogi sun sha ruwa, mutane suka fita da abin da hannu ya iya ɗauka. Wanda ya tsira da ɗan garin masara da tukunya, in ashanarsa ta jiƙe, yaya zai yi da yara? Haka kuma a watan Oktoba na 2014, lokacin da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, 'yan'uwanmu da yawa sun kwana a daji da kan duwatsu kafin su iso Yola ko su tsallaka Kamaru. Allah kada Ya maimaita mana. Amma wanda ya ga irin waɗannan ranaku ya san cewa wuta ita ke dafa abinci, ita ke tafasa ruwan sha ya zama lafiyayye, ita ke korar sanyi da sauro. Ga kuma manomanmu masu kwana a gona, da masunta, da direbobin da mota ke lalace musu a dokar daji. Duk waɗannan maganar ta shafe su.

Bari mu waiwaya baya kaɗan. Wani Bature mai sayar da magani a Ingila, John Walker, shi ya ƙago ashanar da ake ƙyastawa a 1826. Modibbo Adama kuwa ya kafa Yola a 1841. Kun ga ke nan lokacin da kakanninmu fatake suka fara kwararowa Fombina daga Kano da Katsina da Zariya, suna wucewa Garwa da Ngaundere da Banyo neman hauren giwa, ashana ko a can Turai jaririya ce. Ayari yakan yi watanni a hanya, kuma kowace yamma in madugu ya ce a sauka, sai an hura wuta a zango. Da me? Da abu uku da bafatake ke ɗauka a zabirarsa: ƙyastu, da ƙanƙara, da ɗan abin da zai cafke tartsatsi. A cikin gari kuwa ba kullum ake ƙyastawa ba, ana rufe garwashi da toka ya kwana, wadda tata ta mutu ta aiki yaro da kasko gidan maƙwabta. Shi ya sa har gobe in baƙo ya zo bai zauna ba muke ce masa, kai kuwa kamar ka zo ɗiban wuta? Malamanmu da ke nan za su gaya muku cewa a Suratul Waƙi'a, aya ta 71 zuwa 73, an ambaci wutar da ake ƙyastawa cikin ni'imomin da aka yi wa matafiya.

Ƙyastu ɗan ƙarfe ne da maƙeri ke lanƙwasawa yadda yatsu za su shiga. Ba kowane ƙarfe ke yi ba. Sai mai tauri, irin na tsohon zarto ko magagari, wanda aka gasa ya yi ja aka tsoma a ruwa. Ƙarfen rodi ko na ƙusa ya yi laushi, wanda ba ya tsatsa kuma ba ya ba da wuta. Ƙanƙara kuwa farin dutsen nan ne mai walƙiya, wanda in an fasa shi bakinsa ke yin kaifi. Yawancin mutane suna zaton wutar a cikin dutsen take. A'a. Dutsen ne ke kankare ƙananan ɓarɓashin ƙarfe, zafin bugun ya sa su yi ja su ƙone a iska. Wannan tartsatsi ba ya daɗewa ko ƙiftawar ido, kuma ba zai kama ƙirare ko takarda ba. Dole a samu abu mai laushi, busasshe ƙamas, da zai cafke shi ya mai da shi garwashi. Gwanintar duka a nan take.

To, a nan ne laimar kwaɗi ta shigo. A ƙasashen sanyi akwai wata iri da ke fitowa a jikin matattun itatuwa, siffarta kamar kofaton doki, masana suna ce mata Fomes fomentarius. Abin da ake fitarwa daga cikinta Faransawa suna kiransa amadou. Ba Amadun Garwa ba fa, suna ne ya zo ɗaya. A watan Satumba na 1991 wasu masu hawan dutse suka tsinci gawar wani mutum a cikin ƙanƙarar duwatsun Alps, a kan iyakar Italiya da Ostiriya. Bincike ya nuna ya kai shekara 5,300 da mutuwa, kuma a cikin 'yar jakar da ke ɗamararsa an sami wannan laimar kwaɗi, an sarrafa ta don kunna wuta. Yanzu haka gawar da kayansa suna gidan tarihi a garin Bolzano. Har yau a wani gari da ake kira Corund a ƙasar Romaniya ana bugun wannan abu ya yi laushi kamar jemammiyar fata, har a ɗinka huluna da jakunkuna da shi.

Wannan iri dai na ƙasashen sanyi ne. Amma muna da danginta a dazukanmu, kuma duk wanda ke zuwa gona ya taɓa ganinsu ko da bai kula ba. Iri biyu za mu ambata. Ta farko ita ce mai faɗi kamar faifai da aka raba biyu, tana manne a gindin kututture, samanta ja-ja ne ko ruwan ƙasa, wani lokaci har da sheƙi, ƙasanta fari-fari, tana da tauri kamar katako. Ta biyu baƙa ce, dunƙulalliya kamar curin gawayi, tana fitowa a kan reshen da ya mutu. In ka tsaga ta za ka ga zobe-zobe a ciki, wani cikin wani, kamar albasa. Da damina suke fitowa, lokacin ɗibarsu kuwa bayan ruwa ya ɗauke, daga Nuwamba zuwa gaba.

Baƙar nan ba ta da wahala. A ɗebo wadda ta bushe, alamarta ita ce ba ta da nauyi a hannu. A ƙara shanya ta kwana biyu ko uku, a tsaga, a ɗan kankare cikin da wuƙa ya yi gari-gari. Wannan wuri shi ke cafke tartsatsi, kuma in ya kama sai ya riƙa ci a hankali kamar gawayi.

Mai faɗin ita ke son aiki, ga yadda ake yi.

Na farko, a sa wuƙa mai kaifi a feɗe ɓawon sama mai tauri. Tun tana ɗanya ya fi sauƙi, in ta bushe sai ta gagari wuƙa.

Na biyu, a duba cikin. Akwai sashen ƙasa mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wannan a yar da shi. Tsakanin ɓawon da ramukan akwai tsoka mai ruwan ƙasa, mai kama da totuwa. Ita ake nema. A yanka ta fale-fale.

Na uku, a haɗa ruwan toka. Iyayenmu mata ba sai an koya musu wannan ba, irin wanda suke tacewa don miya ne. A zuba yankakkun a ciki a tafasa awa biyu ko uku, ko a bar su jiƙe 'yan kwanaki. Tokar tana sassauta jikin abin, kuma gishirin da ke cikinta yana taimaka wa garwashi ya ci gaba da ci. Turawan da har sinadarin da ake haɗa albarushi da shi suke sawa, amma mu toka ta wadatar.

Na huɗu, a tsame, a ɗora kan turmin da aka kifa ko wani katako mai santsi, a riƙa bugu a hankali da guntun itace, ana ja da yatsu, har ya baje ya yi laushi. Ba bugun fushi ba, bugu irin na masu bugun shadda, sannu-sannu.

Na biyar, a shanya ya bushe sarai, a murza shi a hannu. Ranar amfani a kankare fuskarsa da bakin wuƙa har gashi-gashi ya tashi.

Tamu ba ta kai ta ƙasashen sanyi laushi ba, saboda haka in ta yi gardama ga maganinta. A sami ƙaramin gwangwani mai murfi, a huda rami ɗaya da ƙusa, a zuba yankakkun a ciki a rufe, a ɗora a kan garwashi. Hayaƙi zai riƙa fita ta ramin. In ya daina, a sauke, a toshe ramin, kada a buɗe sai ya huce, domin in iska ta shiga da zafinsa toka za a tarar. Abin da zai fito baƙi ƙirin, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Haka ake yi wa tsumma, amma fa na auduga zalla, domin yadin roba narkewa yake yi. Totuwar kara ma tana yi.

Kada kuma mu manta da audugar rimi da ta tumfafiya, waɗanda iska ke watsarwa a banza da rani. Su saurin kamawa ne da su, da saurin cinyewa. Ga wata dabara ga matasa: laitar da gas ɗinta ya ƙare kada a jefar. Ɗan dutsen da ke cikinta haɗin ƙarfe ne da wani masani ɗan Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, ya ƙago a 1903, tartsatsinsa ya fi na ƙyastu zafi. Ka kara ta da audugar rimi da aka baza ka murza, za ka ga aiki.

Yadda ake ƙyastawa kuwa, ka riƙe dutsen a hannun hagu, kaifinsa na kallon sama kaɗan, ka ɗora makamashin a kansa dab da bakin, ka danne da babban yatsa. Da hannun dama ka goga ƙyastun ƙasa a kan kaifin, kamar mai son fere ƙarfen. Da ka ga ɗan ja ya bayyana, ka daina. Wannan garwashi ne, ba zai ba ka harshen wuta da kansa ba. Tun kafin ka fara ka tanadi busasshiyar ciyawa mai laushi, ka murza ta ka naɗe kamar sheƙar tsuntsu. Ka sa garwashin a tsaka, ka rufe, ka ɗaga sama da fuskarka don hayaƙi, ka hura a hankali, dogon numfashi. Hayaƙi zai yi kauri, sai wuta ta tashi. Daga nan sai ƙananan ƙirare, sa'an nan manya. Ajiyar kayan kuma a cikin batta mai murfi ko kwalbar magani da ruwa ba ya shiga, domin makamashin da ya sha laima bai fi jiƙaƙƙiyar ashana ba.

Yanzu ga gargaɗi, kuma muna roƙon iyaye su riƙe shi fiye da duk abin da muka faɗa. Wannan garwashi munafuki ne, yana ci a ɓoye ba hayaniya. Yaro zai iya zaton ya mutu ya jefa a aljihu ko ƙarƙashin katifa. Kashe shi sai da ruwa, ko a rufe shi a gwangwani. Mu 'yan kasuwa ba wanda zai ba mu labarin gobara, mun ga mai shago ya kwana da dukiya ya tashi da toka. Kada a gwada wannan a cikin kasuwa, ko kusa da masu sayar da fetur a galan, ko a gona da hunturu ana iska. Wutar daji ɗaya tana cinye amfanin shekara, ta cinye ciyawar da makiyaya ke dogara da ita, daga nan sai rigima tsakanin maƙwabta, alhali mu zaman lafiya da Fulani da Bata da Verre da sauran waɗanda muka tarar a nan shi ne jarinmu. Hadisi ya zo da umurnin a kashe wuta in za a kwanta barci, mu riƙe shi. Bayan haka, waɗannan laimomi ba na ci ba ne, kada kowa ya kai baki. Wajen ɗiba a fara bugun kututturen da sanda saboda maciji da kunama. Kuma kada a sare ɗanyen itace don wannan, a jikin matacce ake samu.

Muna da roƙo uku ga shugabanni. A yi magana da maƙeranmu su ƙera ƙyastu ko guda ashirin ne, ƙungiya ta saya. A nemo dattawan da suka yi wannan da hannunsu, maharba da tsofaffin masunta da 'yan'uwanmu Fulanin daji, tun suna raye, a sa rana bayan sallar La'asar su nuna wa matasa a fili mai yashi, da bokitin ruwa a gefe. Na uku, kowane maigida da ke zaune inda ruwa ke ci, kafin watan Agusta ya haɗa 'yar batta, ashana a cikin leda, laita, da wannan makamashi, ya rataye ta sama tare da takardun gida.

Wanda ke da ƙarin bayani cikin dattawa, ga fili, mu ma ɗalibai ne. Allah Ya kare mu daga gobara da ambaliya, Ya zaunar da jiharmu ta Adamawa lafiya, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.