Tsoron da Ke Sa Tunani: Fina-finan Ban Tsoro da Ba Su Dogara da Jini Ba

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Kwamitin shirya wannan taro ya nemi in ce wani abu game da fina-finan ban tsoro. Na san akwai masu cewa a ransu, yanzu duk matsalolin da ke gabanmu a rasa abin tattaunawa sai dodanni? To, a yi mini uzuri. Yawancinmu a nan iyaye ne, kuma 'ya'yanmu suna kallon irin waɗannan fina-finai a wayoyinsu, mun sani ko ba mu sani ba. Akasarin abin da ke isa hannunsu kuwa yanka ne da sara da malalar jini. In muka ce su daina kawai, sai su koma kallo a ɓoye. Saboda haka ya kamata mu san mai kyau daga maras kyau, domin mu sami abin da za mu miƙa musu a madadinsa.

Maganata ɗaya ce. Ƙyama daban, tsoro daban. Fim ɗin da ya cika allo da jini ƙyama yake jawowa, kuma ido yana sabawa da ita, har ya zamana sai an ƙara yawan jinin kafin mai kallo ya ji wani abu. Amma fim ɗin da ya ɓoye abin tsoron, ya bar zuciyarka ta ƙera shi da kanta, wannan shi ne ke binka har gida, ya sa ka tunani.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan dabara. Kakanninmu da ke yi mana tatsuniya ba su cika tsayawa suna zana mana kamannin Dodo dalla-dalla ba. Sai dai a ce an ji motsinsa a bakin rafi, kowane yaro ya ƙirƙiri nasa Dodon daidai girman tsoronsa. Haka nan waɗanda suka yi makarantun kwana a ƙasar nan da dama sun san labarin Madam Koi-Koi, fatalwar malamar da ake cewa tana yawo a ɗakunan kwana da dare. Sunan ma daga ƙarar takalminta mai tsini aka samo shi. Da wuya ka sami wanda ya ce ya ga fuskarta, amma ƙarar kaɗai ta hana ɗalibai da yawa fita fitsari. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan fage ji ne ya kori gani.

Mashahurin mai ba da umarnin nan ɗan Ingila, Alfred Hitchcock, ya bayyana sirrin da wani misali a hirar da ya yi da François Truffaut na Faransa a 1962. Ma'anar abin da ya faɗa ita ce: a ce mutane biyu na hira a kan tebur, kwatsam bam ya tashi. Mai kallo zai razana na 'yan daƙiƙoƙi, shi ke nan. Amma in aka fara nuna masa bam ɗin a ƙarƙashin teburin, ga agogo na tafiya, su kuwa masu hirar ba su sani ba, to zai shafe minti goma sha biyar yana ɗar-ɗar, kamar ya yi musu ihu su tashi. Na farkon razana ce, na biyun zullumi ne, kuma a kan zullumi aka gina fina-finan da zan ambata.

Hitchcock ya gwada haka a fim ɗinsa Psycho na 1960. Wurin da aka kashe wata mata a banɗaki ya shahara a duniya, alhali kusan ba a nuna wuƙar tana shiga jiki ba. Saurin yanka hotuna ne da kukan goge irin na Turawa, wanda Bernard Herrmann ya tsara, suka yi aikin. Jinin da ake gani yana bin ruwa ma ruwan cakulan ne, don fim ɗin baƙi da fari ne. Sauran ta'asar duk mai kallo ne ya cike ta a kansa.

Tun kafin wannan, a 1942, kamfanin RKO na Amurka ya ɗora wa Val Lewton aikin shirya fina-finan ban tsoro da sharaɗin kada kowanne ya wuce dala 150,000. Da yake kuɗin ba su isa a ƙera dodon kirki ba, sai shi da mai ba da umarni Jacques Tourneur suka koma ga duhu da inuwa a fim ɗin Cat People. Akwai wurin da wata mata ke tafiya ita kaɗai da dare, tana jin takun sawu a bayanta. Can sai takun ya ɗauke. Tana cikin waige-waige sai aka ji wani huci kamar na damisa, ashe birkin motar bas ce ta tsaya a gabanta. Ba a taɓa ta ba, ba a ga komai ba, amma har yau ana kwaikwayon wannan wuri. Wannan darasi ne ga 'yan'uwanmu masu shirya fina-finan Hausa: ƙarancin kuɗi ba ya hana fim kyau in akwai basira.

Yanzu bari in zo kan waɗanda nake ba da shawarar a nema.

Na farko shi ne The Haunting na 1963, wanda Robert Wise ya ba da umarni, daga littafin Shirley Jackson na 1959. Wani masani ne ya gayyaci mutane su kwana a wani tsohon gida da ake cewa yana da motsi. Daga farko har ƙarshe ba a nuna fatalwa ba. Abin da ake ji shi ne bugun bango da ƙofa cikin dare. To, ga inda tunanin yake: ɗaya daga cikin baƙin, Eleanor, ta shafe shekaru tana jinyar mahaifiyarta, kuma daren da tsohuwar ta rasu ta buga bango tana kiranta, ita kuwa ba ta amsa ba. Shin gidan ne ke bugu, ko zuciyarta ce ke tuhumarta? An sake yin fim ɗin a 1999, aka yi amfani da kwamfuta aka nuna fatalwowin ƙuru-ƙuru, sai armashin ya tafi. Ku nemi na farkon.

Na biyu, The Others na 2001, na Alejandro Amenábar ɗan Sifen. A tsibirin Jersey ne a 1945, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Nicole Kidman ta fito a matsayin uwa mai 'ya'ya biyu da ke da ciwon da hasken rana ke cutar da su. Saboda haka labule kullum a sake, kuma ba a buɗe wata ƙofa sai an kulle ta baya. Sai yarinyar ta fara cewa akwai waɗansu mutane a gidan. Babu jini a cikinsa. Ba zan faɗi ƙarshensa ba, sai dai yana koya mana yadda mutum kan kulle kansa cikin duhu don gudun wata gaskiya mai ɗaci.

Na uku, Under the Shadow na 2016, na Babak Anvari, da harshen Farisa. Labarin ya faru a birnin Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988. An hana Shideh komawa karatun likita, an kuma tura mijinta bakin daga, ta rage daga ita sai 'yarta. Makami mai linzami ya faɗo kan benensu bai fashe ba, maƙwabta suka riƙa watsewa ɗaya bayan ɗaya, 'yar tsanar yarinyar ta ɓata, aka soma raɗe-raɗin aljannu ne suka shigo. Mai kallo ba zai iya raba tsoron aljan da tsoron yaƙi ba. Duk wanda ya taɓa kwana a garin da ake jin ƙarar harbi zai gane abin da wannan uwa ke ciki.

Na huɗu, His House na 2020, na Remi Weekes. Miji da mata ne 'yan Sudan ta Kudu suka tsere wa yaƙi, suka ƙetare teku a kwalekwale, suka nemi mafaka a Ingila. Aka ba su wani ruɓaɓɓen gida da sharaɗin ba za su bar shi ba, in ba haka ba a mai da su inda suka fito. Sai muryoyi suka fara fitowa daga cikin bango. Sope Dirisu da Wunmi Mosaku, dukansu 'yan asalin Nijeriya, su ne taurarinsa. Tambayar da fim ɗin ke yi mai nauyi ce: me mutum ya aikata don ya tsira da ransa, kuma wa ya biya kuɗin tsirar? Yana da kyau matasanmu masu mafarkin ƙetara hamada da teku su gan shi. Amma akwai 'yan wurare na yaƙi masu tayar da hankali, don haka na manya ne.

Na biyar namu ne na gida, The Figurine na Kunle Afolayan, 2009. Abokai biyu masu yi wa ƙasa hidima suka tsinci wani gunki mai suna Araromire a daji, wanda aka ce yana kawo shekara bakwai ta arziki, sannan bakwai ta masifa. Arzikin ya zo, masifar ma ta biyo baya. Sai dai daga ƙarshe an bar mai kallo ya yanke hukunci: aikin gunki ne, ko kuwa hassada da son zuciyar ɗan Adam? A al'ummar da kowace asara akan ce da sa hannu, wannan tambaya ta shafe mu ƙwarai.

Masu sha'awar fina-finan Indiya kuma, tsofaffin irin su Mahal na 1949 da Woh Kaun Thi na 1964 a kan wannan turba suke: tsohon gida, dare, da muryar mace tana waƙa daga nesa.

In kun lura, a cikin kowane ɗayansu abin tsoron riga ce kawai. Abin da ke cikin rigar shi ne nadama, ko ƙin karɓar gaskiya, ko yaƙi, ko hassada. Wannan shi ne ma'aunin da za ku riƙe. In aka cire dodon daga cikin fim, akwai sauran labari? In akwai, fim ne na masu hankali. In babu, mahauta ce kawai aka ɗauka a hoto.

Shawarata ga iyaye guda uku ce. Ku fara kallon fim kafin ku ba yaro, kuma ku duba shekarun da aka ƙayyade masa, domin babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya dace da 'yan firamare. Ku zauna ku kalla tare da matasan gidan a falo, maimakon kowa ya shige ɗaki da wayarsa. In an gama kuma, ku tambaye su me suka fahimta, me ya sa wane ya yi kaza. Za ku sha mamakin abin da zai fito daga bakinsu, har da abubuwan da ke damunsu waɗanda ba su taɓa faɗa muku ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga ƙungiyarmu kuma, ina roƙon kwamitin ilimi ya duba yiwuwar nuna ɗaya daga cikin waɗannan fina-finai ga 'yan ajin ƙarshe sau ɗaya a zango, tare da malamin adabi, a tattauna shi kamar yadda ake tattauna littafi.